Batirin da Zai Kai Masunci Asuba: Yadda Ake Zaɓen Batir Don Fitila, Waya da Na'urar Gano Kifi

Da zarar damina ta ja baya, ruwa ya fara komawa gurbinsa, harkar su takan kankama a kudancin Jigawa. Daga ƙauyukan Unguwar Ya a ƙaramar hukumar Birnin Kudu har zuwa Gwaram, inda Kogin Bunga ya ratsa, matasa kan fita da yamma ɗauke da taru, koma, mamari ko fatsa, wasu ba sa dawowa sai gari ya waye. A da, aci-balbal ko tocila mai batura biyu ce abokiyar wannan fita. Yau a jakar matashin masunci akwai fitilar goshi mai caji, da wayar Android, wani lokacin da ƙaramin famfon iska da ke raya kifi a bokiti. Kaɗan daga cikinsu ma sun fara tambayar na'urar gano kifi da suke gani a bidiyon YouTube da TikTok.

Duk waɗannan kaya abu ɗaya suke ci, wato wuta. Idan fitila ta mutu da ƙarfe biyun dare, mai cire tarwaɗa daga ƙugiya zai koma lalube a cikin duhu, ga ƙayar kifi, ga maciji a bakin ruwa. Idan waya ta mutu, babu hanyar kiran gida in an samu matsala, babu kuma hanyar sanar da dillali cewa kifi ya samu. Shi ya sa batir ya shiga sahun kayan aikin su, kamar yadda taru da gora suke.

Matsalar ita ce, yawancin masu saye lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali suke dubawa: 20,000mAh, 30,000mAh, har da 50,000mAh. Wannan lambar ita kaɗai ba ta faɗin ko batirin zai kai mutum asuba. Abin da ke faɗin haka ɗan lissafi ne da ba ya wuce minti biyar.

Lambar da ta fi mAh muhimmanci

Kowane batir yana da lambobi biyu. Ta farko ƙarfin turawarsa, wanda ake aunawa da bolt, alamar V. Ta biyu yawan abin da yake ɗauka, wanda ake rubutawa da mAh a ƙananan batura ko Ah a manya. Ah ɗaya daidai yake da mAh 1,000. Idan aka ninka bolt da Ah, sai a samu Wh, wato ainihin wutar da ke ajiye a ciki. Da Wh ne kawai ake iya kwatanta batura iri daban-daban.

Ga misali. Ƙwayoyin da ke cikin fawa bank kusan duka 3.7V ne. Fawa bank mai 20,000mAh yana nufin 20Ah, idan aka ninka da 3.7 sai a samu 74Wh. Shi kuma baƙin batirin nan na 12V 7Ah, irin wanda ake sakawa a UPS, 12 sau 7 ya ba da 84Wh. A ido, 7 ƙaramar lamba ce a gaban 20,000, amma wutar da ke cikinsa ta ɗan fi.

Sai dai babu batirin da ke miƙa duk abin da ke cikinsa. Fawa bank sai ya ɗaga wutarsa daga 3.7V zuwa 5V kafin ta fita ta USB, kuma a wannan juyin wani kaso yana tafiya a matsayin zafi. Mai kyau yakan ba da kusan kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, wato 74Wh ya koma kamar 60Wh. Wayar da batirinta ke da 5,000mAh tana ɗaukar kusan 19Wh, kuma ita ma tana ɓarar da kaɗan wajen caji. Shi ya sa fawa bank na gaskiya mai 20,000mAh yake cika irin wannan waya sau uku ko ƙasa da haka kaɗan, ba sau huɗu ba kamar yadda mutum zai zata.

Lissafin dare ɗaya

Kafin a je kasuwa, sai a rubuta duk abin da za a jona, da wat ɗin da yake ci, da awannin da zai yi yana aiki. Wat sau awa shi ne Wh.

A ɗauki matashin da ke fita daga magariba zuwa asuba. Fitilarsa ta goshi tana cin 3W, kuma in aka haɗa lokutan da take kunne za su kai awa 6, wato 18Wh. Wayarsa tana buƙatar caji ɗaya cikakke, 19Wh. Famfon iskarsa mai USB yana cin 1.5W na tsawon awa 10, wato 15Wh. Jimilla 52Wh. Idan aka ƙara rubu'i saboda tsufan batir da daren da ya yi tsawo, an kai 65Wh. Fawa bank mai 10,000mAh, wanda ba zai ba da fiye da 30Wh ba, zai mutu tun tsakar dare. Mai 20,000mAh zai kai shi gaɓa da ƙyar. Wanda ya bar famfon iska a gida kuwa, 20,000mAh ya ishe shi har da saura.

Yanzu a ɗauki wanda ke aiki a kwalekwale, yana da fitilar 12V mai 10W da yake kunnawa awa 6, wato 60Wh. Yana kuma da ƙaramar na'urar gano kifi. Irin waɗannan masu allon inci huɗu ko biyar sukan ja tsakanin 0.2A da 0.5A a 12V. In aka ɗauki 0.3A na awa 8, ya zama 2.4Ah, kusan 29Wh. Da cajin waya, jimillar ta haura 100Wh. A nan fawa bank ya fita daga lissafi, magana ta koma kan batirin 12V.

Batura uku da ake samu a kasuwa

Na farko fawa bank. Shi ne mafi sauƙin ɗauka, ana samunsa a shagunan waya na Birnin Kudu da Dutse, ko a Farm Centre da titin Beirut a Kano, kuma duk mai cajin waya na kasuwa zai iya cika shi. Ya dace da wanda kayansa duka na USB ne. Yana da ɗabi'u biyu da ya kamata a sani. Da yawansu sukan kashe kansu idan abin da aka jona yana jan wuta kaɗan ƙwarai, don suna ɗauka an gama caji. Wasu na da yanayin ƙaramar wuta da ake kunnawa ta danna maɓalli sau biyu ko riƙe shi, kuma yana da kyau a gwada da fitilar ko famfon tun a shago. Na biyu, yawancinsu ba a yi su don ruwa ba.

Akwai masu amfani da wata igiya ta musamman da ke sa fawa bank mai USB-C ya fitar da 12V don na'urar gano kifi. Dabarar tana aiki, amma da sharaɗi. A tsarin USB-PD matakan da aka saba su ne 5V, 9V, 15V da 20V, shi 12V ba dole ba ne kamfani ya saka shi. Idan ba a rubuta 12V a jerin abin da fawa bank ke fitarwa ba, igiyar za ta iya ba da 9V kawai, na'urar ta ƙi tashi.

Na biyu batirin dalma, wanda ake kira mai asid. Tsohuwar fasaha ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro ta a 1859, kuma har yau ita ce a motoci da babura. Amfaninsa arha da sauƙin samu, kuma kowane mai gyaran lantarki ya san shi. Illarsa nauyi da rashin jure zuƙewa. Mai 12V 7Ah yakan haura kilo biyu, kuma idan ana so ya daɗe, rabin wutarsa kawai ake amfani da shi. Wato 84Wh da ke rubuce ya koma 42Wh a aikace. Wanda ke zuƙe shi tas kowane dare zai ga ya fara sanyi cikin 'yan watanni. Haka kuma idan aka bar shi babu caji na makonni, wani farin gishiri yakan daskare a farantansa, daga nan ba zai ƙara riƙe wuta kamar da ba.

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure da batirin babur. An ƙera shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi na daƙiƙa biyu ko uku ya tayar da inji, sannan injin ya mayar masa nan take. Ba a yi shi don ya kwana yana kunna fitila ba. Wanda ya cire batirin babur ɗinsa ya tafi da shi bakin kogi zai iya rasa biyu: hasken dare da tashin babur da safe.

Na uku shi ne LiFePO4, wani nau'in batirin litiyam da ake haɗawa da ƙarfe da fosfet. Batirin litiyam ya shiga kasuwa ne a 1991 ta hannun kamfanin Sony, kuma a 2019 aka bai wa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel saboda aikinsu a kansa. Shi wannan nau'in na LiFePO4 daga ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Texas ya fito, a shekarun 1990. Irinsa ne ake gani yanzu a manyan baturan sola na gidaje. Ƙananansa na 12.8V suna zuwa da 6Ah, 10Ah, 12Ah zuwa sama. Nauyinsa bai kai rabin na dalma mai girmansa ba, ana iya amfani da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na wutarsa, kuma mai kyau yakan jure caji da zuƙewa sau 2,000 ko fiye, alhali na dalma yakan tsaya a 'yan ɗaruruwa. Ya kuma fi litiyam ɗin waya wuyar kamawa da wuta. Mai 12Ah yana ɗauke da kusan 154Wh, wanda ya ishi mai kwalekwalen nan na sama dare guda har da ragowa.

Tsadarsa ce matsala a ranar saye. Amma tunda farashi yana hawa da sauka tare da dala, hanyar da ba ta canzawa ita ce a raba kuɗin batir da Wh ɗin da za a iya amfani da shi, sannan a tuna sau nawa za a sake sayen wani. Wanda ke fita su sau biyu a wata zai iya zama da na dalma. Wanda su ne sana'arsa, yana fita kusan kullum daga kaka zuwa bazara, LiFePO4 zai fi masa arha a ƙarshe. Abu biyu ne ba a sassauci a kansu: ya kasance yana da allon kariya a ciki, wanda ake rubutawa BMS, kuma a yi masa caji da cajarsa ta 14.6V.

Yadda ake gane na bogi

Kasuwar batir cike take da lambobin ƙarya, amma nauyi ba ya ƙarya. Ƙwayar litiyam da aka fi sani, mai lamba 18650, nauyinta kusan giram 45 ne, kuma galibi ba ta wuce 3,500mAh. Don a samu 20,000mAh na gaskiya ana buƙatar irinta shida, ko faffaɗar ƙwaya mai kwatankwacin nauyinsu. Shi ya sa fawa bank na gaskiya mai 20,000mAh yakan kai giram 350 zuwa 500, kusan nauyin waya biyu. Wanda aka rubuta wa 50,000mAh amma bai fi waya ɗaya nauyi ba, ba sai an buɗe shi ba.

Masu yin na bogi ma sun san wannan, har akwai waɗanda ke cusa ƙwayoyin da aka cika da yashi don ya yi nauyi. Saboda haka sai a ƙara da wasu gwaje-gwajen. A duba ƙananan rubutun baya, domin kamfanonin kirki sukan rubuta Wh da kuma ainihin abin da zai fitar a 5V. Wasu kamfanoni na saka lambar tantancewa da ake kankarewa a duba a shafinsu. A nemi rasit da garanti. In an kai gida, a cika shi, a ƙirga sau nawa ya cika waya tun daga ranar farko, tun shago bai manta fuskar mai saye ba. Lokacin caji ma shaida ne: cajar 10W ba za ta cika 74Wh cikin awa biyu ba, sai ta yi awa takwas ko fiye. Wanda ya cika da wuri haka, cikinsa ƙarami ne.

Ga batirin dalma, musamman na hannu da aka ciro daga tsohon UPS, mita ce alƙali. Cikakke da ya huta yakan nuna 12.7V ko kusa da haka, in ya sauka 12.1V ya kai rabi. Amma tsohon batir na iya nuna lamba mai kyau ya faɗi da zarar an ɗora masa kaya, don haka a jona fitila a bar ta minti goma ana kallon mitar.

Ruwa da zafi

Abokan gaban batir a wannan yanki biyu ne. Na farko ruwa. Alamar IP da ke jikin kaya ita ke faɗin juriyarsa: IPX4 yana jure fantsama kawai, IP67 kuma yana jure nutsewa zurfin mita ɗaya na minti 30. Wannan ma sai murfin ramin USB yana rufe, da zarar an soka igiya kariyar ta ragu. Mafita mai arha ita ce robar abinci mai murfi mai kamawa, a huda ƙaramin rami don igiya, a toshe gefensa da gam, a ɗaure robar a jikin kwalekwale ko gora don kada ta tafi in an kife. Batirin dalma kam ba a rufe shi ruf yayin caji, saboda yana iya fitar da iskar da ke kamawa da wuta.

Na biyu zafi. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Jigawa yakan haura digiri 40, kuma ba a son a yi wa batirin litiyam caji in zafinsa ya wuce digiri 45. Fawa bank da aka bari a kan dutse ko a ƙarƙashin kujerar babur da rana yana tsufa da sauri. Duk wanda ya kumbura, ko yake zafi ba a jona komai ba, ko ya faɗa ruwa ya jiƙe har ciki, a daina amfani da shi, kuma kada a kwana da shi a ɗaki.

Ga batirin 12V, fiyus wajibi ne. Ƙaramin batir na iya narka waya idan jan da baƙi suka haɗu, kuma a cikin jirgi akwai wuƙa da ƙugiyoyi da ke iya haɗa su. Fiyus na 3A ya ishi na'urar gano kifi, a saka shi a jan waya dab da batirin, a kuma rufe kawunan da roba.

Ina za a yi caji?

Batir mai kyau ba shi da amfani in babu inda za a cika shi. Wutar da KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa ba ta isa ƙauyuka da yawa ba, inda ta isa ma ba kullum take zama ba. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuma, cajin janareta ya ƙara kuɗi.

Sa'ar masunci ita ce aikinsa na dare ne, rana kuma tana nan kyauta. Farantin sola na 20W, a rana mai haske, yakan tara kusan 60 zuwa 80Wh, wato abin da matashin farko ke ci a dare. Mai batirin 12Ah zai fi samun natsuwa da farantin 30W ko 50W. Ba a jona faranti kai tsaye da batirin 12V, sai ta na'urar daidaita caji, kuma a tabbatar tana da saitin irin batirin da aka saya. Lokacin hunturu ƙura takan rage abin da faranti ke samarwa, don haka a riƙa goge shi. Ɗan ƙaramin solar da ke manne a bayan wasu fawa bank kuwa bai kai a dogara da shi ba, zai yi kwanaki da yawa bai cika ba.

Shin na'urar gano kifi ta zama dole?

Na'urar tana aika sauti cikin ruwa ne, ta saurari dawowarsa, ta zana zurfi da abin da ke tsakani. Akwai masu allo kamar Garmin Striker 4 da ke buƙatar batirin 12V. Akwai kuma masu kama da ƙwallo, irin na kamfanin Deeper na ƙasar Lituweniya, da ake jefawa da igiyar fatsa, suna da batirinsu a ciki, suna turo hoto zuwa waya. Masu irin wannan fawa bank suke buƙata, domin allon waya da ke kunne awanni shi ke shan wuta.

Amfaninta yana fitowa ne a ruwa mai zurfi, kamar madatsar Tiga da ta Challawa a Kano, ko ta Warwade kusa da Dutse. A kududdufi ko gurbin kogi da ruwansa bai wuce ƙugu ba da rani, ba za ta nuna abin da dattijon masunci bai riga ya sani ba. Ga mafi yawan matasan Unguwar Ya da Gwaram, kuɗin ya fi amfani a fitila mai kyau, da batir na gaskiya, da rigar kariya ta ruwa.

Abin da ba a yi da batir

Akwai masu haɗa batir da inbata su saki wuta cikin ruwa don kifi ya taso. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin gida ta 1992 ta haramta wannan, tare da amfani da guba da abin fashewa. Wutar ba ta zaɓe, tana kashe manya da 'ya'yan kifin da za a kama baɗi, kuma mai tsaye a cikin ruwan shi ne na farko a hatsari.

Mataccen batir ma ba a jefa shi a kogi ko a bar wa yara su fasa. Dalma guba ce, kuma Arewa ta ga aikinta a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. Na dalma a mayar wa masu sayar da batir, da yawansu suna karɓar tsoho su rage kuɗin sabo.

A taƙaice, mai fitila da waya kawai ya nemi fawa bank na gaskiya mai 20,000mAh. Mai kayan 12V da ke fita jefi-jefi, batirin dalma mai 7Ah zuwa 12Ah zai yi masa, muddin ba ya zuƙe shi kuma yana cika shi da ya dawo. Mai fita kullum ya tara kuɗin LiFePO4 mai 10Ah ko 12Ah da farantin sola. Kowanne daga cikinsu kuma ya ajiye ƙaramar tocila ta daban a aljihu, wadda ba ta dogara da babban batirin ba, saboda daren da lissafi ya ƙi.